Yarinyar Cikin Labarin Yaya

Ku da kuka saba da ni, sannunku da haƙuri. Ku da yau ne kuka fara cin karo da ni, ga ni a taƙaice: ni ce autar gidanmu, ni ce kuma mai buga wa Yayata labari a waya.

Yaya mai kitso ce. Daga safe har yamma hannunta na cikin gashi da mai, in ta taɓa waya sai ta dame gilashin. Amma kanta cike yake da labari. Sai muka raba aiki. Ita tana kitso tana faɗa, ni ina zaune a kan bokitin fenti da muka kife a kusurwar shago ina bugawa. In shafi ya cika in karanta mata, ta gyara, in tura guruf ɗin masu karanta mu a waya kafin magariba. Mata ne cike a ciki. Ranar da muka makara har kira suke yi. Sakatariya take ce mini. Albashina kuwa kitso kyauta, shi ma sai ranar da babu kowa.

Saboda aikin nan karatu ya zame mini dole. Yaya takan ce in leƙa abin da sauran marubuta suke yi, kada mu maimaita. A 'yan watannin nan na karanta labaran soyayya har sun fara cakuɗe mini a ka. Wanda attajiri ya buge yarinya da mota, ya kai ta asibiti, ya aure ta. Wanda likita ya manta matarsa bayan haɗari, ya sake sonta tun daga farko. Wanda 'yar aiki ta tashi ashe ita ce mai gidan. A duk cikinsu yarinyar tana da aibi guda, kuma aibin mai kyau ne. Ko kunya ta yi mata yawa, ko gaskiya, ko talaucin da ba ya taɓa fatar jiki. Ko suma za ta yi, a hankali take yi, ta faɗa hannun wanda ya dace, gyalenta ko zamewa bai yi ba.

Ni ba haka nake faɗuwa ba.

Farfaɗiya gare ni, tun ina yarinya. In ta zo jikina ƙagewa yake, in ciji harshe, kumfa ta fito, wani lokacin in jiƙa zanina. Ban taɓa gani ba, labari ake ba ni. Abin da na sani shi ne farkawa: kaina a kan zanin Yaya, ina kwance ta gefe, ita tana korar masu kallo. A tsohon gidanmu da maƙwabta suka gani, sai aka ware mini kofi, aka hana yara zama kusa da ni. Ba mu daɗe ba muka tashi. A nan inda muke yanzu ba wanda ya sani, daga Umma sai Yaya sai likita. Ina shan magani safe da yamma. Rabona da faɗuwa ya kusa shekara biyu.

Akwai kuma wanda yake sona.

Malamin tuƙi ne. Yana da ƙaramar farar mota mai jar alama gaba da baya, gefenta duk tabon ɗalibai. Yayarsa ya kawo kitso wata rana, ya tsaya jira a waje, ya aiko a ba shi ruwa, ni na kai. Daga nan ya riƙa samun dalilin bi ta layinmu. Komai na duniya da mota yake auna shi. In ina fushi ya ce inji ya ɗau zafi. In na yi shiru ya ce batir ya sauka. Tun farkon haɗuwarmu yake nacin sai ya koya mini tuƙi, wai abin kunya ne a ce matar malamin tuƙi tana tare motar haya. Kullum ina da uzuri. Shi ya sa yake kirana ɗaliba mai gudun aji. Ni kuma Malam nake ce masa.

Ƙarshen watan nan manyansa za su zo. Ya riga ya yi wa ɗakinsa fenti, a gidan da suke zaune shi da Yayar tasa, tsakar gida ɗaya, kicin ɗaya. Ita kowa Uwar Biyu yake ce mata. Tana sona, ba zan yi mata ƙarya ba. Ƙanwata take kirana. Tana cikin guruf ɗin Yaya, kuma duk ta fi kowa baki a ciki.

Ban gaya masa ba. Sau da yawa na shirya maganar, sai ya yi wata dariya, in ce gobe.

Labarin da Yaya take yi yanzu na wata yarinya ne marar magana, 'yan guruf suka raɗa mata Shiru-shiru. Tana da saurayi nagari, tana kuma da abin da take ɓoye masa. Makonni Yaya tana jan su a kan abin. Wasu suka ce ɗa ta haifa a ɓoye. Wasu suka ce ta taɓa aure. Wata ta rantse cewa da yayan saurayin take soyayya. Ni ma na tambaya, Yaya ta ce sakatariya ba ta tambaya, bugawa take. Ban kawo komai a raina ba. Yarinyar doguwa ce, 'yar masu hali, da direbanta. Ni gajera ce, takalmin fitata ɗaya. Ban ga kaina a cikinta ba.

Shekaranjiya da la'asar muna shago. Matar mai burodi ce a ƙasa, kanta a cinyar Yaya, rabi an kitse rabi a tsefe. Fankarmu da ta daina juya wuya tana hura bango. Warin man gashi ya cika ɗakin.

"Sakatariya, rubuta," in ji Yaya. "Da ya fita ɗauko mata ruwa, sai ta zuge jakarta, ta lalubo wani ƙaramin gwangwanin alewa. Ba alewa ba ce a ciki."

Yatsuna suka tsaya. Gwangwanin alewar yana cikin jakata a lokacin, jakar tana rataye a ƙusa bayan ƙofa.

Na ɗago na dube ta. Ba ta dube ni ba. Ta sa kibiyar kitso ta tsaga wani layin, a nutse.

"Kin rubuta? To ci gaba. Ta haɗiye ƙwayar ba ruwa, yadda ta saba. Maganin farfaɗiya ne."

Matar mai burodi ta zabura har kibiya ta soke ta. Ta yi salati. Ta ce haba, duk jiran nan da aka sa su ashe abin da za a ba su ke nan. Ta ce a ba yarinyar wani ciwon mana, na zuciya ko na ido, wanda mutum zai iya tausayawa.

"Wannan ai ko a labari ƙazanta ne," in ji ta.

Yaya ta danna mata kai ƙasa, ta ce ta zauna daidai kada layi ya karkace.

Za ku ce me ya sa ban ajiye wayar na fita ba. Na yi tunanin haka. Amma da na fita, matar nan za ta tambayi me ya same ni, kuma bakinta ya fi gidan burodin mijinta buɗewa da wuri. Sai na buga. Ni da hannuna na rubuta kalmar, na duba ko na yi kuskuren harafi, na tura.

Kafin a gama kitson waya ta ɗau zafi. Sharhi yana shigowa kamar ana zuba tsakuwa a faranti. Wasu suka ce Allah sarki. Wata ta ce ƙanwar kakarta ta yi irinsa, a rijiya ta ƙare. Wata ta ce ana ɗauka ta yawu, wata ta ƙaryata ta, suka kama faɗa. Da yawa suka ce Shiru-shiru mayaudariya ce. Wata guda, ban san ta ba, ta rubuta cewa ita ma tana da shi, tana da 'ya'ya lafiyayyu, tana zuwa aikinta. Ba wanda ya amsa mata. Can anjima ta goge.

Sai saƙon murya ya shigo daga Uwar Biyu. Na sa a kunne. Ina jin ƙarar cokali a tukunya a bayanta.

"Ni dai 'yan uwa, ciwo na Allah ne, ba na yi wa kowa dariya. Amma a gidanmu? Ƙanena ɗaya tak, ni na goya shi. Ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba, ba zan bari ba. Ku duba 'ya'yan da za a haifa. Ku duba tana riƙe da jariri a gaban wuta. A ba ta haƙuri ta zauna gidansu, Allah ya ba ta lafiya."

Ta ƙare da dariya, tana cewa Yaya ta iya ɗaure mutane.

Ban gama sauke wayar ba wani saƙon ya shigo, wannan ni kaɗai ta turo wa: "Ƙanwata, ke da kike bakin tukunya, ɗan ɗanɗana mini. Kafin aure zai gano ko bayan aure? Ba zan gaya wa kowa ba." Da fuskokin dariya a jere.

Na rubuta mata cewa ni ma ban sani ba. Wannan kam gaskiya na faɗa.

Da matar mai burodi ta tafi na ɗau tsintsiya na fara tattara gashi. Yaya tana wanke hannu a roba. Ni na fara magana. Na tambaye ta ko ta san abin da ta yi.

Ta ce ta sani. Ta ce tun da aka sa maganar ƙarshen wata ba ta barci sosai. Ta ga ba ni da niyyar faɗa, ta ga Umma ba za ta bari ba, sai ta ce bari ta ji bakin gidan su Malam tukuna ba tare da an ambaci kowa ba. Iyakar abin da ta iya ke nan, in ji ta: kitso da labari. Ta ɗauka in ta sa mutane suka so Shiru-shiru na makonni, ranar da suka ji za su tsaya mata. Musamman Uwar Biyu.

"Matar da ta kira ni tana kuka don mage ta mutu a labarin bara," in ji Yaya. "Na ɗauka zuciyarta a kusa take."

Na ce to ga shi ta ji.

Ta goge hannunta a zani, ta zauna a kujerar kitso. Ban taɓa ganin ta zauna a kanta babu kan kowa a cinyarta ba.

"Auta, ni ba auren nake jin tsoro ba. In ciwon ya zo miki a can, wa zai juya ki? Cokali za su cusa miki a baki su karya miki haƙori. Ko su watsa miki ruwa su koma nesa su tsaya."

Na kwashe gashin na zuba a leda. Ina jin haushinta, ina kuma sane cewa ita kaɗai ce ta taɓa sa hannu ta share mini baki.

Jiya da safe labari ya isa wurin Umma. Ba ta karanta komai a waya, amma ta je sayen burodi.

Ta kira mu ɗakinta. Ta jawo kwalayen da take tarawa a ƙarƙashin gado, na faranti da kofuna da zannuwan gado, tana gogewa tana mayarwa. Duk nawa ne. Shekaru tana tara su ɗaya bayan ɗaya. Umma ba ta faɗa da ƙarfi. Ta ce wa Yaya ita da ya kamata ta rufa mini asiri ita ta shanya ni a bainar jama'a. Yaya ta ce ba a ambaci sunana ba. Umma ta ce mutane ba jakuna ba ne, gwangwanin alewa nawa ne a layin nan.

Sannan ta ce, "Ɗaya ta dawo mini, ɗayar kuma kina so ta ƙi fita?"

Auren Yaya ya mutu shekarun baya. Ba a taɓa yi mata gori a gidan nan ba sai jiya. Ta miƙe ta fita. Na ji ta buɗe shago da ƙarfi.

Ni kuma Umma ta riƙe wuyan hannuna. Ta ce in tuna tsohon gida. Ta ce likita da bakinsa ya ce zan iya aure, zan iya haihuwa, to mene ne na tallar abin da ya kwanta. Ta ce in na shiga, ya ga halina, ya ci girkina, ranar da ya sani zai yi haƙuri, yanzu kuwa kunnensa a hannun danginsa yake. Ta ce ba ƙarya za a yi ba, shiru kawai.

"Ban taɓa roƙon ki komai ba, Auta. Yau na roƙe ki."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "To, Umma."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Ɗaliba, ina bakin layi. Yau babu gudun aji."

Na sa doguwar rigata ruwan toka. Na ɗauko shuɗin gyalen da Uwar Biyu ta ba ni, na yafa, na tsaya gaban madubi. Na cire na mayar, na ɗau tsohon baƙi. Na rataya jakata.

Ya kai ni filin da yake koyarwa, bayan wata tsohuwar masana'anta da aka rufe. Tsofaffin tayoyi a jere, da sanduna da aka kafa a gwangwanayen siminti don koyon baya-baya, yawancinsu a karkace. Ba kowa sai awaki. Ya kashe mota, ya zagayo, ya buɗe mini ƙofa, ya tsaya yana jira. Ya ce ko tayar da ita ba zan yi ba, in zauna kawai in ji yadda kujerar take.

Na gaji da uzuri. Na zauna.

Ya shiga ɗaya ɓangaren, ya matso mini da kujera gaba yana tsokanata da gajarta. Ya nuna mini madubi, ya nuna mini totur da birki. Sannan ya nuna ƙasan ƙafarsa. Ashe akwai wani birkin a wajensa.

"Kin ga wannan? Duk kuskuren da za ki yi, ƙafata tana kai. Shekara nawa ina aikin nan, ba wanda ya taɓa jin ciwo a hannuna. To tsoron me kike?"

Na ɗora hannuwana a kan sitiyari. Ya yi ɗumi da rana. Na tambaye shi ko Yayarsa ta ba shi labarin shafin shekaranjiya.

Ya yi dariya. Ya ce ai ba su ci abinci cikin kwanciyar hankali ba. Ta ba shi labarin tun daga farko, har da kwaikwayon murya, sannan ta tambaye shi in shi ne yaya zai yi.

"Me ka ce mata?"

"Na ce mota in an sayar maka an ɓoye matsalar inji, mayarwa ake yi. Ba faɗa, ba zagi." Ya sake dariya, ya dube ni. "Labari ne fa, ɗaliba. Ke har fuskarki ta canza. Ku mata da littattafan nan."

'Yan uwa, a nan ya kamata in yi shiru. Na yi wa Umma alkawari da safe. Na ji amsar Yayarsa, na ji tasa. Babu abin da ya rage da ban sani ba. Amma ina kallon ƙafarsa a kan birkin nan, mutum ya yarda ya san duk abin da zai iya faruwa a motarsa. Sai na ji ba zan iya ba.

Na ce, "Malam, ba tsoro ba ne. Likita ne ya hana ni tuƙi."

Ya ce wane likita, idona ne?

Na zuge jakata, na ɗauko gwangwanin alewar, na buɗe, na ɗora a tsakaninmu.

Ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa. Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba, a hankali ya tafi. Wata akuya ta zo tana soshe jikinta da tayar gaba, motar tana ɗan motsi.

Sai ya miƙa hannu ya zare mukullin daga jikin motar. A hankali ya yi, kamar ba ya so in lura. Motar a kashe take. Ya sa shi a aljihu.

Ban ga laifinsa ba. Amma na ji abin har cikin ƙashina.

Ya yi tambayoyi, muryarsa ƙasa-ƙasa. Tun yaushe. Yaushe rabona da shi. Ko ana warkewa. Ko yana bin 'ya'ya. Na ba shi amsa yadda likita ya ba ni, ban ƙara ba, ban rage ba. Na gaya masa har da jiƙa zani, don kada ya ɗauka irin suman littafi ce. Ya tambayi me ya sa sai yanzu. Na ce don ina sonsa, kuma ni matsoraciya ce.

"Maganar motar nan da na yi," in ji shi. "Ban san..."

Na ce na sani.

Muka canza kujera. Ya tuƙa ni gida da hannu biyu a kan sitiyari, a hankali, yana kauce wa kowane rami kamar ya ɗauko ƙwai. Bai kunna rediyo ba. A bakin layi na buɗe ƙofa, na jira ko zai ce ɗaliba. Ya ce in gaida Umma.

Umma tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Kallo ɗaya ta yi mini. Ta ajiye farantin, ta shiga ɗaki, ta rufe ƙofa. Na ji ƙarar kwali ana tura shi ƙarƙashin gado, ɗaya bayan ɗaya.

Yaya ba ta tambaye ni komai ba. Ta zaunar da ni a ƙasa, ta cire mini ɗankwali, ta fara tsefe mini kai ko da kitson bai tsufa ba. Shafin jiya bai fita ba. 'Yan guruf suka yi ta kira, ta kife wayar.

Bayan magariba tawa wayar ta yi ƙara. Shi ne.

"Na yi tunani. Ba zan fasa ba. Ƙarshen wata yana nan. Amma abu ɗaya: kada kowa ya sani a gidanmu, musamman Yayata. Daga ni sai ke. Kuma ki ce wa Yayarki ta warkar da yarinyar labarin nan, ko ta canza mata ciwo, kada a fara haɗa magana."

Na karanta na miƙa wa Yaya. Ta karanta, ta miƙo mini, ta ci gaba da tsifa. Sai dai hannunta ya ƙara nauyi.

Na je na ƙwanƙwasa wa Umma, na karanta mata ta bakin ƙofa. Ta buɗe. Ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah, hawaye na zuba. Ta ce ai dama ta faɗa, yaron nan ɗan albarka ne, ga shi shi ma abin da ta faɗa ya faɗa. Ta yafe mini saɓa alkawari tun ban roƙa ba.

Na san a labaran da nake karantawa, a nan ne ake cika guruf da jajayen zukata. Ya ji, bai gudu ba. Me kuma yarinya take nema? Ni ma na tambayi kaina. Na zauna a bakin gado ina jiran farin cikin ya zo.

Abin da ya zo shi ne tsakar gidansu. Na taɓa shiga sau ɗaya. Siminti ne, da famfo a tsakiya, da igiyar shanya. Yana fita tun sassafe, ba ya dawowa sai ɗalibin ƙarshe ya sauka. Wuni guda daga ni sai matar da take kirana ƙanwata, muna yanka albasa a faranti ɗaya, ina ɓoye gwangwani a ƙarƙashin katifa.

Na rubuta godiya, na goge. Na rubuta ina sonka, na goge. A ƙarshe ga abin da na tura:

"In ya zo mini da rana, kana wurin aiki, daga ni sai Yayarka a gida fa? Wa zai gaya mata abin da za ta yi?"

Alama ta nuna ya karanta. Na ga ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa.

Yanzu gari ya waye. Yaya ta buɗe shago, ba ta ce in zo in rubuta komai ba. Umma tana kicin tana waƙa ƙasa-ƙasa, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ɗazu farar motar ta wuce ta bakin layinmu da wani ɗalibi a sitiyari. Bai waiwayo ba. Wataƙila titi yake kallo, aikinsa ne.

Wayar tana kan cinyata. Har yanzu tambayata ce ta ƙarshe a ciki.